Yadda Na Kusa Ɓatar da Taken Turmi

Gara ku ji daga bakina kafin Alhaji Nomau ya faɗa muku da ƙari: a cikin wannan labari akwai wawa guda ɗaya, kuma ni ne, Jadi, ubanku. Ban faɗa don ku ji tausayina ba. Na faɗa ne don in an zo wurin da na yi nasara, kuma za a zo, kada wani ya ce tsoho ya yabi kansa tun daga bisimilla har amin. Karatuna na lakwal bai wuce aji uku ba. Mushe malaminmu ya gaji da bakina ya sallame ni, na ƙarasa sauran karatun a kasuwar dabbobi ta Dakoro ina dillanci, inda wannan bakin dai ya ciyar da ku duka ya kuma aurar da ku. Saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku gyara a zuci. Maganar ce ban yarda a taɓa ba.

Kun taso kuna jin sunan Turmi a gidan nan har wasunku sun ɗauka kakanku ne. Ba mu haɗa jini da shi ba. Sunansa na yanka Neino, manomi ne a ƙauyenmu na yankin Ajekoriya, kuma ɗan kokowa irin wanda ba a sake yi ba, ba kuwa za a sake ba. Ba dogo ba ne. In ya tsaya cikin mutane sai ka neme shi, amma in ya zauna a tabarma wani ba ya samun wuri. A zamaninsa sai an gama ɗaurin hatsi ake kokowa, gari ya gayyaci gari, a share fili a bakin kasuwa, mutane su zama katanga. Babu buhunan rairayi, babu agogo, babu mai usur. A ƙafa ake zuwa, a kama, a dawo a ƙafa, gobe a koma aikin rumbu. Na gan shi ina yaro yana kamawa. Na ga ƙarti suna zagaya shi suna neman inda za su ɗaga, har su gaji su faɗi kamar an roƙe su. Ban taɓa ganin bayansa a ƙasa ba, ban kuma taɓa haɗuwa da wanda ya gani ba, ko da yake na haɗu da maƙaryata biyu a Sabon Maci. Bai bar hoto ko ɗaya ba. Abin da ya bari takensa ne.

Ku 'yan zamani sai an yi muku bayani. Duk ɗan kokowar da ya isa yana da take, kiɗan da ganga ke kiransa da shi, wanda ko yana bayan gari ya ji ya san shi ake nema. Na Turmi gajere ne, ganga cewa take: Turmi, sai dai a kewaya. In mai take ya rasu makaɗinsa yakan aje taken, ba a sake kaɗa wa kowa. Hanya biyu kawai yake fita, ko gidan mamacin su bayar da bakinsu, ko wani ya yi abin da mai taken ya yi jama'a su shaida. Taken Turmi yana hannun Ɗan Ladi, ɗan makaɗin da ya yi masa kiɗa. A ɗaka ya koya wurin ubansa, bai taɓa fitar da shi fili ba.

To a shekarar da nake ba ku labari, Alhaji Nomau, taubashina, ɗan ƙanin uwata, wanda tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna ba ko a kan inda gabas take, ya samu abin da ya fi motocinsa faranta masa rai. Wani yaro ne ɗan Sabon Maci da ya koma Maradi, yana ɗaga ƙarfe da safe yana kokowa da marece, ana ce masa Kamyo. Alhaji ya ɗauki nauyinsa, nama da madara, ana nuna shi a tele yana jibga mutane da ƙasa. Kullum in mun zauna fada a gindin itacen bedin ƙofar gidansa ana dafa shayi, sai ya ciro salula, wayarsa ta hannu, ya tura mini a hanci.

"Duba nan, Jadi. Wanga shi ne kaye. Kai kuma nuna mani naka."

"Nawa ba ya shiga akwati," na ce. "Ya yi mashi kaɗan."

"Turmin nan naka wa ya kada? Manoma masu jin yunwa. Mutum ya wuni shina ɗaurin damma, ya sha fura, a tura shi gaban Turmi ya faɗi, ku ce zaki. Ya taɓa kama mutumin Tawa? Ya taɓa kama na Damagaram, ko Bazabarme? Gari uku ya sani, na huɗun kasuwa."

"Su mutanen Tawa labari suka ji suka zauna gida."

"Kuma ba arbit mai busa usur, ba doka. Mutum ya dafa ƙasa ya tashi a ce ba a gani ba, tunda masu kallon duk danginshi ne. Yau ko gwiwarka ta shafi rairayi an busa, ka tahi gida."

"Yau kuma in kun gaji sai agogo ya cece ku, a ce wane ya ci da gargaɗi. Nasara da gargaɗi, Alhaji. A zamanin Turmi in ka koma gida ka ce ka ci mutum da gargaɗi, uwarka ma ba ta ba ka tuwo."

Haka muka daɗe muna yi ba wanda ya ji ciwo. Mutanen fada sun rabu biyu, masu furfura nawa, masu salula nasa, mai shayi yana bin wanda ya sayi sukari. Da a nan aka tsaya da ban rubuta wannan babi ba. Amma wata rana bayan kaka Alhaji ya ce ya aika wa Ɗan Ladi, yana so in Kamyo zai shiga fili a Dakoro a kaɗa masa taken Turmi, tunda take ne na ƙasarmu kuma yana kwance ba ya amfanin kowa. Ya faɗa yana hura shayi kamar mai zancen farashin wake. Ni kuwa na ji kamar an ce za a naɗa wa wani rawanin ubana ina zaune ina kallo. Na ce masa yaronsa bai yi abin da Turmi ya yi ba. Ya ce in dai kada mutane ne, yaro yana yi kullum, har da waɗanda suka ƙoshi. Na ce ba kada mutane nake nufi ba. Tsohuwa nake nufi.

Tsohuwa rijiyar ƙauyenmu ce. Kun san rijiyoyin ƙasar nan ba irin na kudu ba ne da mace ke sunkuyawa da ƙwarya. Ita in ka jefa tsakuwa kana iya gama gaisawa da mutum kafin ka ji ta taɓa ruwa. Ba a janta da hannu. Sa ake ɗaura wa igiya, igiyar ta bi ta kan icen da ke juyawa a bakin rijiya, a kora san ya yi nisa har wasaki, wato babban gugan fata, ya fito a juye a kwamin da dabbobi ke sha. A shekarar da shanu suka ƙare, ina ɗan saurayi, babu sa ko ɗaya da ya rage da ƙafa a garin, mazan ma rabi sun bi hanyar kudu. Turmi ne ya ɗaura igiyar a ƙugunsa ya tsaya inda sa ke tsayawa. Ruwan da na sha a shekarar, da wanda uwata ta dama wa ƙannena kunu da shi, daga ƙugun mutumin nan ya fito. In kun taɓa mamakin abin da ya sa ubanku yake ɗaga murya a kan wani da ya daɗe a kabari, to ga shi nan.

Wannan labari da na tsaya a kansa da na tashi da girmana. Amma baki ya riga ya yi zafi, kuma mutane suna kallo.

"Ka kawo yaronka ya fiddo wasaki ɗaya daga Tsohuwa, cike, shi kaɗai. In ya yi, taken nashi ne. Ni kuma ba ni sake faɗin sunan Turmi har in mutu, kuma ranar kokowa ni zan riƙe mashi jarkar ruwa ina binshi a baya."

Alhaji ya aje kofin shayi a hankali. Ya dubi mutanen fada ya ce sun ji? Suka ce sun ji. Ya miƙo hannu na buga. Sai da na kama hanyar gida iska ta buge ni na tuna abu biyu. Na ɗaya, na yi ciniki da kayan da ba nawa ba, abin da ko a kasuwa ban taɓa yi ba sai mai kaya yana tsaye. Na biyu, ban taɓa ganin Kamyo ba sai a salula, inda kowa tsawon babban yatsa gare shi.

Labari ya riga ni isa. Na tarar da uwarku Tsahara tana tankaɗe a tsakar gida, ko kai ba ta ɗaga ba.

"An ce ka yi kyautar kayan mutane a fada."

"Ba kyauta na yi ba, sharaɗi na sa."

"Taken naka ne?"

"Na ƙasa ne."

"To ƙasar ce ta aike ka?" Ta buga rariya a tafi. "Ka taɓa ganin yaron?"

"A salula."

"Ni na gan shi a tasha. Ya sauko daga mota, na ga motar ta ɗago."

Na ce mata mace ba ta san kokowa ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san mota. Ba a jima ba Alhaji ya sa aka kira ni gidansa, wai in zo in gaisa da wanda zan riƙe wa jarka. Na tafi ina fatan in tarar da mai girman kai, don in samu abin ƙi. Sai ga wani yaro ya cika ƙofar zaure, ya cire takalmi ya durƙusa ya ce mini Baba ina wuni, kuma a durƙushen kansa yana daidai ƙirjina. Ya kama hannuna da hannu biyu, na duba ban ga nawa ba. Ya ce ya daɗe yana jin labarin Turmi, yana so wata rana in zauna in ba shi. Na amsa da to, to, na fito.

Washegari na hau mota zuwa ƙauye, don akwai wadda ya kamata a ce ita na fara tambaya. Inna Hajo, babbar ɗiyar Turmi, ita kaɗai ta rage a ɗiyansa, ta tsufa, ido ya yi rauni amma kunne lafiya lau. Na tarar Ɗan Ladi ma yana wurinta, saƙon Alhaji ya kawo shi. Na zauna nesa da tabarma na zayyana komai, ina rage wasu wurare. Ta bar ni na gama.

"Wasaki guda nawa ka ce?"

"Ɗaya, Inna."

"Ɗaya." Ta juya wurin Ɗan Ladi. "Ka ji kuɗin ubana a bakin dillali. Kai kuma, dillali, ɗan wa ne ma?"

"Ɗan Barmo."

"Ai ho. Shi ma haka yake, sai ya sallama shi tambayi mai kaya."

Na ce ta gafarce ni, amma abu yana hannunta. In ta ce gidansu bai yarda ba, magana ta mutu, ni in ɗauki kunyar. Ɗan Ladi ya girgiza kai ya ce hanya ta biyu ma gadonta aka yi, kuma baki ya riga ya fita gaban shaidu. In yaro ya yi, zai kaɗa. Na sake duban Inna Hajo.

"Ubana bai taɓa gudun wanda ya kira shi ba," ta ce. "Ba ni zan sa ya fara shina kabari ba. A kawo yaron."

Ranar da aka sa, da hantsi, bakin Tsohuwa ya cika kamar kasuwa. Alhaji ya zo da mota biyu da samari, kowa salula a ɗage. Ya kuma ɗauko arbit tun daga Maradi, wani siriri mai farar riga da usur a wuya, wai don kada tsofaffi su yi masa irin shaidar da. Makiyaya Buzaye da Fulani da suka zo shayarwa suka kwance sansu suka koma gefe suna murmushi cikin rawani. An shimfiɗa wa Inna Hajo tabarma a inuwar gawo, Ɗan Ladi yana kusa da ita da ganga kife a cinya. Ni ban zauna ba.

Kamyo ya tuɓe, ya ɗaura layunsa kamar zai shiga fili. Ya leƙa rijiyar, na ga ya daɗe yana leƙawa. Aka zura wasaki har ya sha. Sai ya tsaya a baki ya ware ƙafa ya fara ja da hannu, dama, hagu, yadda ake jan guga a gida. Kuma wallahi ya ja. Igiya tana taruwa a ƙafarsa, damatsansa sun kumbura, samari suna ta sowa. Amma ɗan zamanin pampo ne, bai san Tsohuwa ba. Can tafinsa ya ɗau zafi, igiya ta zame ta koma da gudu tana kuka a kan ice, muka ji wasaki ya bugi ruwa daga nesa. Har na fara gyara hula. Sai wani tsohon Buzu, Allah ya shirye shi, ya matso ya ce wa yaron ba haka ake yi ba, ɗaurawa ake a ƙugu a yi tafiya yadda sa ke yi. Na ce masa wa ya tambaye shi. Ya ce ba wanda ya tambaye shi, shanunsa ne ke jin ƙishirwa. Alhaji ya ƙara da cewa sharaɗina bai ce sau ɗaya za a gwada ba, kuma gaskiyarsa, bai ce ba.

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya juya wa rijiya baya ya kama hanyar shanu. Hanyar nan shekaru kofato yana niƙa ta, rairayin ya zama gari, ƙafa nutsewa take har idon sawu. Ya sunkuya ya tafi. Arbit yana binsa a gefe a duƙe, ido a kan gwiwoyinsa, yadda suke yi a fili. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan ice. Na tsaya ina kallon bayansa yana ƙanƙancewa, kowane taku ina ji kamar daga bakina ake zare wani abu. Na fara tunanin yadda zan rayu ba tare da sunan Turmi ba, me zan riƙa faɗa a fada, na laluba na ga ba ni da wani zance a duniya. Na hango kaina da furfura ina rungume da jarka, jikokina suna nuna ni a tele. Abin da ya fi waɗannan duka, na hango Inna Hajo zaune ana kiran ubanta da ganga wani ya amsa.

Wanda ke tsaye a bakin rijiya ya ce ya hango wasaki, saura kaɗan. To daidai nan hanyar ta ɗan hau tudu, inda shanu ma sai an yi musu tsawa. Ƙafar yaron ta dama ta zame, nauyin ya fizge shi baya, don kada Tsohuwa ta tafi da shi ya zube gwiwa biyu da hannu biyu ya kafe yatsu a rairayi. Sai muka ji usur. Dogon busa, da hannu a sama. Ba wanda ya sa arbit ɗin. Aikinsa ke nan shekara da shekaru, gwiwa na taɓa ƙasa baki ke busawa kafin kai ya yi shawara. Kamyo bai tsaya ba, ya rarrafa sauran, wasaki ya fito aka juye a kwami, cike taf.

"Ya fito," Alhaji ya ce, yana ɗaga riga. "Kowa ya gani, ga ruwa nan. Ɗan Ladi, juya gangarka."

A nan ne duk shekarun da na yi a kasuwa suka yi mini rana. Na taka a hankali zuwa wurin arbit, irin takun da nake yi wa ragon da nake so amma ba na son mai shi ya sani.

"Mushe arbit, ina kwana. Wa ya kawo ka nan?"

"Alhaji."

"Me ka busa?"

Ya dubi Alhaji, ya dubi usur ɗin kamar yanzu wani ya rataya masa. "Ya taɓa ƙasa."

"Da me?"

"Gwiwa biyu. Da hannuwa."

"A dokarku ta yau, wadda ba ta san dangi ba, me ake ce ma wannan?"

"Kaye."

"Kunnen tsoho, ban ji ba."

"Kaye ne, Baba."

"To wa ya kada shi? Ni dai ban ga kowa a filin ba sai Tsohuwa."

Dariyar da aka yi har shanu sai da suka ɗaga kai. Alhaji ya ce ba kokowa aka zo ba, jan ruwa aka zo. Na ce to me ya kawo arbit wurin jan ruwa? Ya ce sharaɗi wasaki ɗaya ne, cike, kuma ga shi. Na ce take na wanda bai taɓa dafa ƙasa ba ne, ganga cewa take a kewaya, ba ta ce a rarrafa ba. Tsakanina da ku, ɗiyana, Alhaji yana da rabin gaskiya, don ban ambaci gwiwa a fada ba. Da an ci gaba ban san inda za a ƙare ba. Yaron ne ya raba mu. Ya dawo yana jan igiya a ƙasa, gwiwoyi fari fat da rairayi, ƙirji yana sama da ƙasa. Ya wuce Alhaji ya wuce ni, ya je ya durƙusa gaban Inna Hajo.

"Inna, shi guda nawa yake ja?"

"Ba mu ƙirga ba, ɗana. In an yi sallar safe shike ɗaurawa, sai rana ta take shi kwance. Mu mata muna jere da tuluna."

"Har yaushe?"

"Har ruwan sama ya sauka."

"Bai taɓa faɗuwa ba?"

"In ya dawo gida ni ke gasa mashi ƙugu da ruwan zafi, wurin duk ya saɓule. Wani lokaci ko tuwo ba ya iya kai wa baki. Amma a hanyar can ban taɓa ganin hannunshi a ƙasa ba."

Kamyo ya juya ya daɗe yana kallon hanyar da ya biyo. Sannan ya tashi ya karkaɗe gwiwa.

"Alhaji, a bar ma mai abu abinshi. In aka kaɗa mani wanga take ƙafata ba ta tsayawa a fili. A yi mani nawa."

Alhaji ya buɗe baki ya rufe. Ban taɓa ganin haka ba tun muna yara, kuma ina roƙon Allah ya ba kowannenku irin wannan rana ko sau ɗaya. Sai Inna Hajo ta taɓa gwiwar Ɗan Ladi ta ce tunda an taru, ya kira mai shi sau ɗaya, ta fara manta yadda yake. Ya juya ganga. Rabon da in ji kiɗan nan tun ban fara aske gemu ba, amma ƙafata ta riga kunnena ganewa. Na shiga fili na taka, hula ta faɗi ban waiwaya ba, tsofaffin ƙauye suka biyo ni, har tsohon Buzun da ya kusa kashe ni yana kaɗa kai. Inna Hajo ba ta motsa ba, ta dai rufe fuska da mayafi har aka gama. Samarin Alhaji duk sun ɗauka a salula. In kun bincika kuna iya samun ubanku yana juyi da riga a iska, kuma ban ba kowa izinin gogewa ba.

Nasara ba ta zo kyauta ba. Da aka tashi Alhaji ya ce motocinsa sun cika, alhali ina kallon wurin zama a gaba, a amalanken itace na yi rabin hanya rana tana dukana. Ya daina yi mini magana har damina ta faɗi, kuma kun san abin da hakan ke nufi ga mutum irina, a zauna fada ba abokin gardama. Da muka shirya bai canja ra'ayi ba. Har yau cewa yake Turmi bai taɓa kama mutumin Tawa ba, sai dai yanzu a hankali yake faɗa, kuma ba ya ciro salula. Ɗan Ladi ya yi wa Kamyo takensa, mai kyau ne, ana kaɗa masa, yaron in ya shigo Dakoro sai ya zo ya gaishe ni. In an tambaye ni nakan ce shi ne na biyu a tarihin kokowa, da nisa.

Amma bari in koma ranar. La'asar sakaliya na shigo gida, murya ta dushe, riga duk ƙura, ina tafiya kamar ni na ja wasakin. Uwarku tana gyaran wake a inuwar rumbu. Na zauna na ba ta labari tun daga farko, na tashi na gwada mata yadda yaron ya zube, na yi mata muryar arbit, na yi mata bakin Alhaji yana buɗewa yana rufewa. Da na kai ƙarshe na ga akwai wuraren da ban ba su haƙƙinsu ba, na sake daga farko. Ta saurara tana tsince tsakuwa. Na ce mata yau na tsare mutuncin mutumin da ya shayar da gari, kuma irin wannan aiki sai mu da muka taso a bakin rijiya muka san darajar ruwa, ba yaran yanzu da ke murɗa pampo ba. Sannan na miƙe ƙafa na ce ta miƙo mini buta in yi alwala.

Ta aje faifai ta ɗauko butar, ta tsaya a kaina tana riƙe da ita.

"Shi gari guda ya shayar da ƙugunshi," ta ce. "Kai shekara arba'in kana ba da labarinshi a gidan nan, ko butar alwalarka ni ke cika maka."